Albashin da nake biya wa mujallar da ban taɓa karantawa ba

Shekarata 31 ina sayar da atamfa a Kwatano. Na zo daga Maraɗi ina saurayi, na zauna ƙarƙashin wani ubangida a kasuwar Dantokpa. Shekara shida ina share shago, ina ɗaukar dila, ina bin bashi, ba albashi. Amma ci da sha da wurin kwana da ɗinkin Sallah duk a wuyansa suke. Ranar da ya sallame ni ya ba ni jari da rumfa, ya kama hannuna ya kai ni wurin diloli, ya ce a ba ni kaya bashi da sunansa. Allah ya ji ƙansa.

Shi ya sa da babbar 'yata, wadda ke karatu a Faransa, ta buga waya bara ta ce wata mujallar kwalliya ta Paris ta ɗauke ta aikin sanin makama na wata shida, wanda su suke kira sitaj, ban yi gardama ba. A raina na ce ai barantaka ce irin tamu, sai dai ta Turawa.

Na dai tambaye ta, "Uwata, nawa za su riƙa ba ki?"

Ta ce, "Baba, wajen yuro 600 a wata."

Na buga lissafi. Yuro ɗaya sefa 656 ne, ya kama jika 390 da ɗoriya. Na ce wa mahaifiyarta, ai yarinyar nan ta fi wani ma'aikacin gwamnati na nan samu. Ban san ɗakin da ta samu a hawa na shida, wanda bai kai rabin shagona ba, yuro 700 ne a wata. Ba a yi maganar abinci ba, ba a yi ta jirgin ƙasa ba, ba a yi ta rigar sanyi ba.

Daga baya ta fahimtar da ni yadda abin yake. Dokar Faransa ta ce duk sitaj ɗin da ya wuce wata biyu dole a ba ɗalibi ɗan hasafi, kuma kada ya wuce wata shida a wuri ɗaya cikin shekarar karatu. Mafi ƙarancin hasafin a 2024 yuro 4.35 ne a awa. Ba albashi suke kiransa ba, kuma bai kai rabin mafi ƙarancin albashin ƙasar ba. Wannan mafi ƙarancin shi aka ba ta, ko sisi ba a ƙara ba.

Aikin fa? Ni na ɗauka rubutu za ta yi. Ashe kayan da ake gani a jikin mata a hotunan mujalla duk na aro ne daga manyan gidajen ɗinki. Ita ce mai karɓo su, ta rubuta su a takarda, ta goge su da tururi, ta kai wurin ɗaukar hoto, ta ƙirga, ta mayar. In ɗan kunne ɗaya ya ɓata, ita za a tambaya. Lokacin makon nunin sutura na Paris, ƙarshen Satumba, takan fita da asuba ta dawo bayan sha ɗayan dare. Ta taɓa gaya mini ta riƙe riga ɗaya a cikin tasi wadda kuɗinta ya fi kayan shagona gaba ɗaya, alhali tun safe burodi da shayi ne a cikinta.

Su kuwa ƙawayenta na nan unguwar Zongo, hotunanta suke gani a waya: ga ta a bakin wani katafaren zaure, ga fitilu, ga manyan mutane. Har wata maƙwabciya ta zo yi mana barka, wai 'yarmu ta zama babbar mace. Muka amsa da murmushi. Zanen aro dai ba ya rufe katara.

Wani dare na ce mata ta bar aikin nan haka. Sai ta kawo mini zancen Edward Enninful, haifaffen Gana, ɗan mai ɗinki, wanda ya zama babban editan Vogue ta Ingila a 2017, baƙin mutum na farko da ya hau kujerar. Ta ce, "Baba, in ba mu shiga ba, wa zai sa atamfarmu a shafukan nan yadda ta dace?" Maganarta da gaskiya a ciki. Amma na ce mata Enninful ɗaya ne, masu ɗaukar jakar kaya kuwa dubbai.

Ita da kanta ta ba ni labarin Amurka, inda abin ya fi muni. A 2013 wasu mutum biyu da suka yi irin wannan aiki suka kai ƙarar Condé Nast, kamfanin da ke buga Vogue, kan cewa an sa su aiki ba tare da biyan abin da doka ta tanada ba. Kamfanin ya rufe shirin ɗaukar masu koyo a shekarar. A 2014 ya yarda ya biya dala miliyan 5.8 ga kimanin mutum 7,500. In ka raba daidai, kowa bai kai dala 800 ba. Dalilin da ya sa ake iya yin haka a fili yake: masu son aikin sun fi gurbin yawa, mujallun kuma da kuɗin talla suke rayuwa, tallar ta koma intanet. Suna da ƙyalli ne ake biyan yaran da su.

A nan na gane bambancin wannan da barantakarmu. Ubangidana shi ya ciyar da ni, kuma akwai alkawari a ƙarshe. A can, uba ne ke ciyarwa, alkawari kuma babu. Duk wata ina tura mata yuro 500. Wato ni, mai rumfa a Dantokpa, ni ne nake cika albashin ma'aikaciyar mujallar Paris. Wanda ubansa ba shi da halin turawa, ko ƙofar ba zai gani ba, komai basirarsa. Ta ce mini yawancin waɗanda suke tare da ita a gidajen iyayensu suke kwana a cikin birnin.

Da wata shida suka cika aka yi mata godiya, aka ba ta takardar yabo, aka ɗauki wata ɗalibar a kujerarta.

Ranar ina ta faɗa a gida, ina cewa wannan zalunci ne, a ci gumin yarinya a sallame ta hannu rabbana. Mahaifiyarta ta bari na gama, sannan ta ce, "Alhaji, yaron shagonka shekara nawa ka ce zai yi?"

Na yi shiru. Shekara biyar na yi wa mahaifinsa alkawari a Tasawa. Yana cikin ta bakwai. Kuɗin da na ware don jarinsa kuwa, su ne suka tafi hayar ɗakin hawa na shida, jika 328 duk wata. Bai taɓa buɗe baki ya tambaye ni ba, ni kuma na mayar da kunyarsa hujja. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Bayan ƙaramar Sallah na rage kayan da zan saro, na kama masa rumfa, na ba shi rabin jarin, na rubuta sauran a takarda gaban shaidu biyu, da ranar biya. Na kai shi wurin diloli kamar yadda aka kai ni.

Ita kuma mun yi magana ta fahimta. Yanzu tana rubuta wa wata mujalla ana biyanta a kan kowane rubutu, wani watan a samu, wani watan babu. Na ce zan ci gaba da taimaka mata shekara ɗaya, ba don aikin banza ne ba, don aljihuna yana da iyaka kuma akwai ƙannenta. Ta yarda.

'Yan'uwana 'yan kasuwa da 'ya'yanku ke sha'awar irin wannan aiki, kada ku hana su, amma ku yi tambaya uku tun kafin a fara: nawa ake biya, nawa ne haya, kuma mutum nawa cikin waɗanda suka gabata aka riƙe aiki. Kafin nan kuma ku duba wanda ke share muku shago da safe, ku tuna shekara nawa kuka ce. Allah ya sa mu fita hakkin na ƙasa da mu.