Mun Je Buya Kallon Tseren Dutse

Duk wanda ya tashi a Kassalafam ya san cewa idan ruwa ya ɗauke da la'asar, gari ya washe, akan hango wani baƙin dutse can yamma da kogin Wuri, kansa cikin gajimare. Shi ne Dutsen Kamaru, wanda Bakweri masu ƙasar suke kira Fako. Shekara da shekaru muna zana shi a allo, muna gaya wa yara tsawonsa ya haura mita 4,000, daga nan har Senegal babu dutsen da ya kamo ƙafarsa. Abin kunya, mu masu koyarwar ba mu taɓa taka gindinsa ba, alhali tsakaninmu da garin Buya kilomita 70 ne ko kusa da haka.

Maganar tafiyar a teburin mai shayi ta samo asali. Wani dare talabijin yana nuna tseren motoci na Daytona a Amurka, wanda ake yi kowane watan Fabrairu tun 1959, motoci suna kewaya fili har mil 500, iyalai sun zo daga nesa sun kafa tantuna. Sai Sani, babban ɗanmu, ya ce mu dai ba mu da irin wannan. Baffa Alhaji, wanda ya yi shekara 30 yana fataucin goro tsakanin Kumba da Duwala, ya ajiye kofinsa ya ce, "Kai yaro, muna da wanda ya fi shi. Su inji ke ɗaukarsu, namu da ƙafa ake hawa dutse a sauko a wuni ɗaya." Kafin a tashi an tsai da magana za a je.

A gida ne aka sha daru. Kowa ya san halin da yankin masu Turancin Ingilishi yake ciki tun 2016. Ba a kuma manta ba, a tseren 2023 abubuwa sun fashe a kan hanyar masu gudu, mutum kusan 20 suka ji rauni. Uwargida ta ce, "Malam, allo bai ishe ka ba, sai ka kai mini yara inda ake tashin bam?" Ba mu da amsa, domin gaskiya ta faɗa. Aka yi zama biyu bayan isha'i. Baffa ya ce abokinsa mahauci yana Buya da iyalinsa, bai gudu ba, kullum yana yanka. Aka yanke cewa ƙananan yara za su zauna, sai wanda ya kai shekara 12 kuma yana da katin makaranta. Za a tashi bayan Juma'a, a dawo Lahadi da sauran rana, don Litinin a can ba a fita, ba kasuwa ba mota. Da uwargida ta ga ba fashi sai ta ce, "To, in da 'ya'yana za a je, ƙafata ƙafarka." Gwaggo Hajiya ma ta ce ba a bar ta ba. Muka tashi mu 14, kowane babba ya ba da jaka 5 na mai, aka ɗauki hayar ƙaramar bas ta wani maƙwabci.

Ranar Juma'a 23 ga Fabrairu 2024, tsakiyar Sha'aban, muka bar unguwa da tukunyar dambu, da soya cikin takarda, da miyondo ƙulli uku. Ƙetare gadar Wuri ba wuya yanzu da aka yi sabuwa kusa da tsohuwar, amma cunkoson Bonaberi yana nan yadda kuka san shi: manyan motocin katako, 'yan bensikin kamar fara, sai da muka ci awa guda. A mararrabar Bekoko direba ya nuna wa yara hannun dama, hanyar Nkongsamba da Bafusam, wadda kakanninmu suka biyo da shanu da goro. Mu muka yi hagu.

Da muka iso gadar Mungo sai halin malanta ya motsa. Muka gaya wa yara wannan ruwan da suke gani, wanda bai kai rabin Wuri ba, shi ne iyaka tsakanin Faransa da Ingila bayan an kori Jamus a 1916. A ƙuri'ar 11 ga Fabrairu 1961 mutanen wannan ƙetaren suka zaɓi haɗewa da Kamaru, 'yan'uwanmu na arewa, su Mubi da Gembu, suka zaɓi Nijeriya. Hadiza ta ce ai ta rubuta wannan a jarrabawa, ba ta dai san ruwan ƙarami ne haka ba. A shingen bincike aka sauke mu duka, kowa ya taka da ƙafa riƙe da katinsa. Nan Faransanci ya fara ja da baya, buroka ta karɓi fili, Baffa ya zama tafintanmu.

Daga nan har Tiko gonakin roba ne da ayaba da kwakwar manja na kamfanin CDC, wanda aka kafa a 1947. Itatuwa a jere kamar ɗalibai a layin safe. Wasu gonakin kuwa ciyawa ta cinye su, gidajen ma'aikata ba kowa. Motar ta yi tsit, ba wanda ya bukaci a yi masa bayani. A hawan Mutengene bas ɗinmu ta fara tururi, muka tsaya aka ba ta ruwa, mu ma muka yi la'asar a gefen hanya. Muna wuce tashar Mile 17 iska ta sauya. Mutumin Duwala da ya saba kwana yana fifita, ga shi yana neman rigar sanyi tun kafin magariba.

Buya gari ne mai titi ɗaya dogo da ke hawa, ba ya sauka. Jamusawa sun mai da shi hedkwatarsu a 1901 saboda gudun zafi da sauron Duwala, gidan gwamnansu Puttkamer yana nan har yau. Mai masaukinmu yana can sama, a tsohon gari, kusa da masallaci. Ya rungume Baffa, ya ce, "Alhaji, ashe rai kan ga rai?" Aka kawo tuwon masara da miyar kuka, kai ka ce a Garwa kake. 'Ya'yansa suna jin Hausa sarai, amma da buroka suke amsawa, namu kuma da Faransanci suke tsegumi. Cikin rabin awa sun shirya, ƙwallo ta haɗa su.

Asabar muna idar da asuba muka gangara filin wasa na Moliko. Sojoji ko'ina, an laluba kowa, har kwanon dambun Gwaggo sai da aka buɗe. Wajen ƙarfe 7 aka sallami masu gudu, ɗaruruwa, maza da mata, matasa da dattawa, 'yan ƙasa da baƙi. Abin da ya ba mu mamaki shi ne ƙafafunsu: da yawa takalman roba ne irin na kasuwar Kongo, an ɗaure da safa. Cikin minti kaɗan titi ya haɗiye su.

Ga yadda tafiyar take, kamar yadda mai masaukinmu ya zana mana a ƙasa da tsinke. Zuwa da dawowa kusan kilomita 40 ne. Za a bi kwalta a ratsa gari har Upper Farms, a shiga kurmi mai santsi zuwa bukka ta ɗaya. Daga nan itace ya ƙare, sai ciyawa da tsayayyen hawa zuwa bukka ta biyu, inda wasu ke haɗawa da hannu. Bayan bukka ta uku babu komai sai baƙin tsakuwa da toka, da iska mai yanka kunne, numfashi kuma ba ya isa. Dutsen mai aman wuta ne, ya yi a 1999, ya sake a 2000. Ya ce hawa ƙarfi ne, amma a saukowa ake cin tseren, a nan kuma ake karyewa, domin mutum yana gudu tsakuwa tana gudu a ƙarƙashinsa.

To, mai kallon tseren mota yana ganin motocin kowane minti. Mu kuwa sama da awa 4 ba mu ga komai ba sai gajimare. Lasifika ce ke ba da labari: wane ya wuce bukka ta biyu, ɗan Kenya ne a gaba, an juyo daga ƙoli. Makaɗa suna kiɗa, masu rawa suna rawa, mu muka shimfiɗa tabarma Baffa ya buɗe tarihi. An fara tseren a 1973, kamfanin Guinness ke ɗaukar nauyi, John Ekema ɗan Bakweri ya fara ci. Wani fada ɗan Italiya, Walter Stifter, ya ci sau 3. A 1996 aka sa masa sunan da yake da shi yanzu, wato tseren fata nagari. Sai ya zo kan Sarah Etonge, Sarauniyar Dutse, wadda ta ci na mata sau 7, na ƙarshe a 2005, tana da 'ya'ya 7. Gwaggo ta riƙe haɓa ta ce, "Haihuwa bakwai, ta hau wancan? Alhaji, ka ji tsoron Allah." Sai da wata mai sayar da gasasshiyar ayaba ta shaida kafin ta yarda. Tun daga lokacin Gwaggo ta bar zancen maza, mata take jira.

Ana dab da 12 na rana muka ji jiniya, fili ya tashi tsaye. Elvis Nsabinla ya shigo, ƙura har gira, bai cika awa 5 ba. Bayan kamar awa guda Irine Adamu ta shigo ta farko a mata, Gwaggo ta rangaɗa guɗa irin ta kai amarya, har mutanen kusa suka juyo suna tafa mata. Kowannensu miliyan 10 na Sefa ya samu. Amma waɗanda suka fi tsaya mana a rai su ne na baya, masu shigowa da gwiwa tana jini, wani takalmi ɗaya a hannu, ba kyauta ba hoto, jama'a na kiran lambar rigarsu har su taka layi. Sani ya ce shi ma wata rana zai hau. Uwarsa ta harare mu, ba shi ba.

Da yamma labari ya iso masauki. Ɗan Kenyan nan da lasifika ta yi ta ambata, Charles Kipsang, wanda ya daɗe yana gaba, ƙarfinsa ya ƙare a kusa da ƙarshe. Ya daure ya shigo na 16, daga baya ya yanke jiki ya faɗi, aka kai shi asibiti, rai ya yi halinsa. Mun tafa masa da hannunmu ba mu san sallama muke yi da shi ba. Muka yi shiru. Mun zo muna tsoron bam, ajali kuwa ya biyo ta inda ba wanda ya sa ido. Hadiza ta tambaya ko yana da 'ya'ya. Mai masaukinmu ya ce ko yana da su ko babu, yana da uwa. Sani bai sake zancen hawa ba a daren, mu ma ba mu tsokane shi ba.

Lahadi da safe muka yi sallama, aka cika mana mota da kabeji da ganyen shayin Tole. Muka ratsa ta Limbe, wadda ake kira Victoria kafin 1982, yara suka taka baƙin yashin bakin teku, muka nuna musu cewa wannan yashin daga cikin dutsen ya fito. Aka ci gasasshen kifi a Down Beach, ƙarfe 2 muka kama hanya. Kiran la'asar a Bonaberi ya same mu. Da muka shigo unguwa maƙwabta suka fito suna barka, kamar daga Makka muka dawo.

Ga wanda ke son zuwa, a watan Fabrairu ake yi, ranar Asabar. Ya riƙe katinsa da na yaransa, ya ɗauki rigar sanyi, ya nemi masauki wajen 'yan'uwa tun da wuri, ya tambaye su halin da gari yake ciki kafin ya tashi, kada kuma ya bari dare ko Litinin su same shi a hanya. Ba mu ce babu haɗari ba, kowa ya auna da kansa.

Ranar Litinin muka shiga aji muka zana dutsen kamar kullum, sai dai wannan karon mun sa bukkoki uku a jikinsa, da gada a gindinsa. Wani yaro ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, mutanen can suna zuwa makaranta yau?" Muka ce a'a, sai gobe Talata. Allah ya kawo zaman lafiya a ƙasarmu, ya sa yaran ƙetaren Mungo su koma aji ranar Litinin kamar kowa. Amin.