Ranar Da Kwamfutarmu Ta Makance

Mu huɗu ne muka haɗa kuɗi muka saye ta, a kakar 2019, bayan an ɗebe shinkafa daga gonakin da ke ƙasan madatsar ruwa ta Watari. Kwamfutar tafi-da-gidanka ce 'yar gwanjo, irin wadda ake ce wa Beljiyam. Kafin zuwanta, duk wanda ya gama labari a cikinmu sai ya naɗe littafinsa ya nufi wurin masu buga takardu, ya biya kuɗi shafi-shafi, kuma a miƙo masa aiki "ƙasa" ta koma "kasa", "ɓata" ta koma "bata". To, da muka mallaki tamu, sai muka sa mata ranaku kamar rabon kwana, kowa da darensa.

A cikinta akwai gajerun labarai goma sha huɗu da muka yi niyyar haɗawa littafi guda, sannan akwai ƙagaggen labarin babbanmu, wanda ya shekara shida yana fama da shi. Rubutunsa na hannu kuwa tuni gara ta yi walima da shi. Kada mai karatu ya tambaye mu me ya hana mu kwafe aikin a wani wuri. Mun sha tambayar kanmu.

Cikin azumin 2022, a tsakiyar zafin Afrilu, bayan an sauko daga Asham, sai fuskar kwamfutar ta fara fitar da zane-zane kore da shuɗi, a tsaitsaye kamar saƙi. Haruffa suka tarwatse suka koma 'yan murabba'ai. Kwana biyu tana haka, ran na uku ta yi baƙi ƙirin, alhali fitilarta na ci, fanka na juyawa.

Mai gyaran da muka fara kai wa ko buɗe ta bai yi ba. Ya ce gilashi ne ya mutu, a kawo kuɗin sabo. Kuɗin da ya faɗa sai mun sayar da kwandunan tumatir da yawa a Badume kafin mu haɗa, kuma har mun fara lissafi, sai babbanmu ya ce shi dai zuciyarsa ba ta kwanta ba, mu dangana da birni. Washegari muka bi ta Bichi muka shiga Kano, muka sauka a titin Beirut.

Wanda aka nuna mana wani magidanci ne mai ƙarancin magana. Ya sa muka ba shi labari tun daga farko, kamar likita, yana tambaya: "Malamai, zanen yakan canza in an motsa murfin? Da sanyin safiya takan yi dama-dama?" Sannan ya kunna ta, ya haska tocila dab da gilashin. Ya ce da fitilar bayan gilashin ce ta mutu, da mun ga hoto dishi-dishi. Ba mu ga komai ba. Ya buɗe murfin ya rufe a hankali, saboda akwai siririyar waya da ta ratsa ta cikin maƙalar murfin, wadda kan tsinke don yawan buɗewa. Nan ma shiru. Ya zare ƙwaƙwalwar wucin gadi, wato ram, ya sa wata tasa. Babu canji.

Sai ya jawo wata babbar fuska da ke kan teburinsa ya jona da waya. Ga mamakinmu, sai ga zane-zanen nan namu, kore da shuɗi, sun bayyana a kan gilashin da lafiyarsa ƙalau, tun ma kafin Windows ta tashi. Ya ce, "Kun gani? Ba gilashinku ba ne, kuma ba manhaja ba ce. Mai zana hoton ne ba shi da lafiya." Da mun sayi sabon gilashi, da asara biyu ke nan.

Ya kwance ta ya nuna mana wani ɗan baƙin abu da bai fi farcen babban yatsa ba, manne a kan babban allon ciki. Shi ne girafik, shi ke sarrafa duk abin da ido ke gani. Ɗaruruwan ƙananan ɗigon dalma ne suka riƙe shi, kuma duk lokacin da ya yi zafi ya huce, suna buɗewa suna tsukewa, har wata rana wasu su tsage. Ciwon ba baƙo ba ne a duniya. A watan Yulin 2008 kamfanin Nvidia na Amurka ya amsa cewa wasu girafik ɗinsa na mutuwa ta wannan hanya, ya ware dala miliyan 196 don gyara da musanye, abin ya shafi kwamfutocin HP da Dell da Apple. Tamu dai ba 'yar wancan zamanin ba ce, kuma ba mu da bakin zargin kowa, domin da ya ciro fankar, ƙurar hunturu uku ce ta toshe mafitar iska, ta dunƙule kamar audugar rimi. Ga shi a kan katifa muke ɗora ta, mu kwana muna bugu. Ashe shaƙe ta muke yi.

Ya gaya mana gaskiya, abin da ba kowa ke yi ba. Zai iya hura wa girafik ɗin iska mai zafi ta farfaɗo, amma na ɗan lokaci ne, ko mako ko wata. Magani sai canza allon ciki gaba ɗaya, wanda kuɗinsa ya kusa na wata kwamfutar.

Duk wannan bayani babbanmu bai ce uffan ba. Can ya nisa, murya na rawa, ya ce, "Injiniya, to rubutun fa?"

Mutumin ya yi murmushi. Ya kwance kusoshi biyu, ya zaro rumbun ajiya, ya sa shi a wani ɗan gida, ya jona a tasa kwamfutar. Sai ga sunayen labaranmu sun jeru, ɗaya bayan ɗaya. Babbanmu ya ce a buɗe masa babi na farko ya tabbatar, ya fara karantawa a fili, mu kuma muka aika yaro ya sayo filas guda biyu. Kafin yaron ya dawo har an kai shafi na biyar, Injiniya ya ajiye sukudireba ya jingina da bango.

"Alhaji," in ji shi, "yarinyar nan dai ba tsohon nan za a aura mata ba ko?"