Muraja'ar da na'ura take taya ni yi



Ya 'yan'uwana matasa, shafin Islamiyyarmu da ke Darmanawa an gina shi ne a kan manhajar WordPress, sannan muka ɗora masa wasu ƙananan manhajoji na ƙari, waɗanda ake kira filogin. Ɗaya daga cikinsu ita ce take nuna lokutan salla na Kano, amanar kula da su kuwa a wuyana take.

Wata rana cikin hunturu, mahaifin wata ɗalibata ya tare ni a ƙofar makaranta, ya ce: "Malam, magaribarku ta riga ta masallaci da kusan minti goma." Da na bincika sai na tarar makonni uku da suka wuce na sabunta uwar manhajar, ban waiwayi 'ya'yanta ba, teburin ya tsaya cak a kan rana guda. Gabana ya faɗi, domin akwai iyayen da suke azumin Litinin da Alhamis, kuma da wannan tebur suke shan ruwa. Laifin ba na kowa ba ne, nawa ne.

Irin haka ba sabon abu ba ne. A watan Agusta na 2020, fitowar WordPress ta 5.5 ta daina loda wani tsohon tallafi mai suna jQuery Migrate, filogin da yawa da suka dogara da shi suka daina aiki. Ma'ajiyar filogin ɗin ma tana gargaɗi a kan duk wadda ba a gwada ta da manyan fitowa uku na baya-bayan nan ba. Sai dai gargaɗi ba ya amfanar wanda bai duba ba.

Wani tsohon ɗalibina da ke karatun kwamfuta a Jami'ar Bayero ya kawo mafita. Ya yi mana kwafin shafin na gwaji, ya rubuta umarni a GitHub Actions: kowane dare na'ura ta ɗora fitowar gwaji da ake sakewa makonni kafin ta ainihi, ta buɗe teburin, ta tabbatar kwanan watan na yau ne. Idan an sami saɓani, saƙo zai iso mini kafin asuba.

Sai na tuna abin da nake faɗa wa masu hadda kullum: abin da ka kiyaye jiya ba ya zama da kansa, sai da muraja'a. Malamanmu na da ma ba sa sakin littafin da aka kwafa sai an yi masa muƙabala da asalinsa.

Amma fa na'ura abin da aka ce ta duba kaɗai take dubawa. Shi ya sa duk Juma'a nake gwada teburin da kiran sallar unguwarmu, da kunnena. Duk wanda aka ba shi amanar wani shafi, ya yi wa kansa irin wannan tanadi tun kafin a tare shi a ƙofa.

Allah Ya ba mu ikon riƙe amana, amin.