Kafin a Sayi Fili a Bayan Gari



A ƙidayar 2002 mutanen Paraku ba su wuce dubu 150 ba, amma a ta 2013 sun haura dubu 255. Duk wanda ke zaune a Zango ya ga wannan ƙaruwa a cikin gidansu tun kafin ya ji ta a bakin hukuma. Gidan da kaka ya gina wa iyali ɗaya yanzu magidanta huɗu ke cikinsa, kowa da murhunsa. Wannan ne ya sa mu da iyalinmu muka shiga sahun masu neman fili a gefen gari, wajen Turu, Baka ko can bayan Titiru.

Kakanninmu fatake ba su taɓa zama suna lissafin abin da ya kamata ya kasance kusa da gida ba. Hanyar goro da ta taso daga Gwanja ta bi ta Jugu ta nufi Kano ita ta kafa unguwannin baƙi irin Wangara, kuma a irin wannan unguwa masallaci da rijiya da kasuwa da zauren malam duk a jere suke. Mun gaji wannan sauƙi har ba ma ganinsa. Sai ranar da mutum ya tsaya a fili cikin gonar kaju, dillali na nuna masa turaku huɗu, sannan yake gane cewa kowane ɗayansu sai an nema.

Da muka yi shawara, kowa ya ce masallaci ne farko, kuma babu mai musu da darajarsa. Sai dai mun lura da wani abu: masallaci shi ne abin da maƙwabta ke iya yi da hannunsu. Magidanta biyar suka haɗu, rumfa ta tashi, bayan 'yan shekaru a ga bulo da kwano. Ruwa kuwa ba ya zuwa da karo-karon magidanta biyar. Ruwan famfon Paraku daga madatsar Okpara yake fitowa, kamfanin SONEB ke rarraba shi, kuma inda bututunsa bai kai ba, rijiya ce abin dogaro. Ƙasar nan tamu dutse ne a ƙarƙashinta, har Jugu ma haka take, don haka rijiyar da ta cika a watan Satumba tana iya zama laka a watan Maris. Wanda ya je duba fili da kaka bai ga komai ba tukuna.

A nan ne muka ga cewa ma'aunin da maza ke awo da shi bai dace ba. Maigida yana auna nisa a kan babur, ya ce ai minti goma ne zuwa kasuwar Arzeke. Amma ba shi zai ɗauki jarka ba, ba shi zai riƙo hannun yaro ɗan shekara shida zuwa makaranta ba. Tun 2006 aka soke kuɗin makarantar firamare ta gwamnati, to amma in kullum sai an biya ɗan zemijan zuwa da dawowa, me aka rage wa uba? Kuma mun sha gani, idan nisa ya yi yawa, karatun 'ya mace ake fara sadaukarwa, daga nan sai islamiyyar yamma ta bi baya. Saboda haka muka ce uwargida da yara su taka da ƙafarsu, abin da suka faɗa shi ne nisan.

Sai hanya. Kwalta ba dole ba ce, amma dole a san ko mota na iya shiga cikin watan Agusta da tsakar dare, domin naƙuda ba ta jiran gari ya waye, kuma babban asibitin Borgu yana cikin gari. Wutar SBEE mun sa ta a baya, tunda faifan sola na iya riƙe fitila da waya.

Takarda kuma a yi hattara. Tun dokar filaye ta 2013 akwai hukumar ANDF, kuma filin da ba a gama yankan unguwarsa ba, titi na iya bi ta tsakiyarsa gobe. A tambayi ofishin magajin gari kafin a ba da ko dala.

Abu ɗaya ne har yanzu bakinmu bai zo ɗaya a kansa ba. Hajiya, mahaifiyarmu, ta saurari lissafin nan duka, sannan ta tambaya: in ta cika a can, su wa za su yi mata wanka, kuma tafiyar nawa ce zuwa maƙabarta? Fili biyu suka rage mana a zaɓi. Ɗaya yana kusa da bututun ruwa amma babu wanda muka sani a wurin, ɗayan kuma rijiya ce kawai, sai dai gidaje uku na mutanen Zango sun riga mu sauka. Mun bar maganar sai watan Maris, mu je mu leƙa rijiyar.