Kirsimeti a Yola da Jimeta: Yara su yi murna, iyaye su yi lissafin baɗi

Idan za ku yi Kirsimetin bana a babban birnin Jihar Adamawa tare da ƙananan yara, ko ku 'yan gari ne ko baƙi masu zuwa ganin dangi, ku sani gari biyu ne ke amsa suna ɗaya. Akwai tsohuwar Yola, wadda Modibbo Adama ya kafa a 1841, inda fadar Lamido take, gari mai natsuwa da Fulatanci a bakin yaro da babba. Akwai kuma Jimeta a gaɓar Kogin Binuwai, wadda ta girma da kasuwanci tun zamanin da jiragen ruwa ke isowa idan kogi ya cika. Yau a nan manyan kasuwanni da ma'aikatu da yawancin majami'u suke. Tafiyar 'yan mintoci ce a mota tsakaninsu, amma hayaniyar Kirsimeti a Jimeta ta fi yawa.

Disamba ne watan da wannan gari yake sassauta wa mutanensa. Ruwan sama ya ɗauke, kogi ya janye ya bar farin yashi, zafin da aka san Yola da shi bai iso ba tukuna, amfanin gona kuma ya shigo kasuwa. Wannan sauƙin ba ya daɗewa. Shi ya sa magidanci mai hangen nesa yake raba kwanakin gida biyu: wasu na murnar yara, wasu na zama a tsara yadda iyali za su ci shekara mai zuwa lafiya.

Kasuwa kafin jajibere

Ku fara da babbar kasuwar Jimeta. Tun saura mako guda za ku tarar da layin 'yan atamfa da na takalman yara a cunkushe, teloli na kwana a kan keke, masu kitso ba su da lokacin ɗaga kai. A wajen kasuwa ga 'yan kaji da akuyoyi, ga masu kifi da tarwaɗa da karfasa, ɗanye da banda. A taku goma za ku ji Hausa da Fulatanci da harshen Bachama da na Kilba da na Margi, kowa na ciniki.

Kafin ku fito daga gida, ku ware kuɗin makarantar zango na biyu ku ajiye inda hannu ba zai kai ba. Makarantu na komawa a farkon Janairu, kuma ma'aikacin da aka biya albashin Disamba da wuri zai daɗe kafin ya ga na gaba. Abin da ya saura bayan an ware wannan, shi ne kuɗin biki. Daidai ruwa, daidai tsaki. Yaro ɗan shekara huɗu ba ya tambayar kuɗin yadi. Shi dai a ce rigarsa sabuwa ce, a ɗauke shi hoto, a bar shi ya kai wa kaka kwanon abinci da hannunsa. Ku ɗinka masa da ɗan girma don ta kai shi Ista, takalmi kuma ku zaɓi wanda zai iya shiga aji da shi.

Idan da hali, ku bar 'yan ƙanana a gida ranar cefane. Idan dole ne a je da su, ku rubuta lambar wayarku a takarda ku sa a aljihun kowane yaro, ku kuma koya masa cikakken sunan mahaifinsa da sunan unguwa, ko Luggere ce ko Jambutu, Karewa ko Doubeli. Wannan takardar za ta sake amfani ranar biki a harabar coci.

Safiyar 25 ga wata

Da sassafe hazo na rufe gari, sanyi na ratsa riga. Kafin rana ta ɗaga, tituna sun cika da Keke Napep ɗauke da iyalai cikin anko. A babban cocin Katolika na St. Theresa da ke Jimeta, da majami'un LCCN da EYN da sauransu, ana waƙoƙi da Hausa da Turanci da harsunan gida, matan Zumunta na kaɗa tulu, 'yan makarantar Lahadi na wasan kwaikwayon haihuwar Almasihu. Waɗannan majami'u suna da tsohon tushe a jihar. Hedikwatar LCCN tana Numan, inda ɗan mishan Niels Brønnum daga ƙasar Denmak ya sauka a 1913, ta EYN kuma tana Kwarhi, kusa da Mubi.

Akwai tarihin da ya kamata yaranku su ji idan sun ɗan tasa. A ƙarshen 2014, lokacin da Boko Haram ta kama Mubi da garuruwan arewacin jihar, dubban mutane sun kwararo Yola. Harabar St. Theresa ta zama masaukin 'yan gudun hijira, gidajen talakawa, na Musulmi da na Kirista, suka cika da baƙi. Daga baya, a 2021, Bishop Stephen Dami Mamza ya buɗe gidaje 86 a Sangere-Marghi domin waɗanda ba su iya komawa gida ba, aka gina coci, aka kuma gina wa Musulmin cikinsu masallaci. Yaran da aka goyo a baya a wancan gudun yanzu sun zama samari da 'yan mata. Duk wanda ya san wannan ba zai raina kwanon shinkafar da ke tsallaka katanga ranar Kirsimeti ba, ko naman da ke dawowa ta wannan hanya ranar Babbar Sallah. Gidajen Kirista da yawa kan kira maƙwabci Musulmi ya yi musu yanka don kowa ya ci hankali kwance. Ku aiki yara da kwanon, babba na biye da su. Zumunci a ƙafa yake, kuma da ƙananan ƙafafu ake fara koyon sa.

Ibada kan yi tsawo, ƙaramin yaro kuma ba ya jurewa. Ku riƙe ruwan sha da ɗan abin taɓawa, ku sa masa rigar sanyi wadda za a iya cirewa idan rana ta yi.

Abin da za a kula da shi a tsakar gida

Yawancin abin da ke kai yara asibiti a ranakun biki a cikin gida yake faruwa, lokacin da kowa ya zaci wani na kallon su. Ku naɗa mutum ɗaya babba wanda aikinsa kenan.

Kaskon suyar cincin da nama ya yi nesa da inda yara ke guje-guje. Idan mai ko ruwan zafi ya zuba wa yaro, a riƙa kwarara ruwa mai sanyi a wurin na tsawon minti 20, a rufe da tsabtataccen ƙyalle a nufi asibiti. Kada a shafa man goge baki ko ƙwai ko manja.

Kada a zuba kananzir ko fetur a robar lemo. Idan yaro ya sha, kada a sa shi amai, kada a ɗura masa manja ko madara, domin aman ne ke tura shi cikin huhu. A kai shi asibiti nan take.

Gyaɗa da alewa mai tauri da fasasshen balan-balan na iya shaƙe yaron da bai kai shekara huɗu ba. Kifin Binuwai akwai daɗi, amma ku tsince ƙaya da hannu kafin ku ba shi. Shinkafa dafa-duka da aka sauke da safe kada ta yini a buɗe. Abin da ba a ci ba cikin kamar awa biyu a sa a firij, ko a sake ɗumama shi har ya yi tururi sosai. Idan gudawa ta kama yaro, ku fara ba shi ruwan gishiri da sukari na ORS da ƙwayar zinc, a ci gaba da ba shi nono da abinci. Idan ya kasa sha, ko ya yi laushi, ko aka ga jini, sai asibiti.

Nokawut da sauran kayan tartsatsin wuta ba abin wasan yara ba ne. Suna ƙona yatsu da idanu, kuma a garin da ya taɓa jin ƙarar bam, suna tayar wa mutane da hankali. Da dare, duk yadda sanyi ya kai, kada a kwana da gawayi mai ci a ɗaki rufe, janareta kuma ya zauna a waje nesa da taga. Iskar da suke fitarwa ba ta da wari, tana kashe mutum cikin barci.

Ƙurar hunturu na kawo mura da tari da tsagewar leɓe. Man kaɗanya da yawan shan ruwa na taimakawa. Amma idan kuka ga yaro na numfashi da sauri, ƙasan haƙarƙarinsa na lotsawa, wannan alamar namoniya ce, kada a tsaya shagon magani. Asibitin Ƙwararru na Jimeta da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Modibbo Adama da ke Yola suna karɓar marasa lafiya na gaggawa ko a ranar hutu.

Yawon washegari

Ranar 26 ita ce ta fita. Ku kai yara Yola su ga ƙofar fadar Lamido, ku ba su labarin Modibbo Adama wanda jihar ta ci sunansa. Da la'asar ku biya ta wajen Tafkin Gerio, inda manoman rani ke shuka shinkafa da kayan lambu. Yaron birni da ya ga inda shinkafar jiya ta fito ba zai manta ba. Daga gadar Jimeta, wadda ake bi zuwa Girei da Mubi, za ku hangi masunta cikin kwale-kwale da shanu na sauka shan ruwa, rana na faɗuwa ja cikin hazo.

Kallo dai, ban da shiga. Kogi da ya janye yakan bar ramuka masu zurfi a gefen yashi, ruwan da ke kwance kuma na iya sa wa yaro tsargiya. Idan za a tsallaka da kwale-kwale, a nemi rigar kariya, kada a shiga wanda ya cika, kada a yi dare. Masu wucewa Numan, inda Gongola ke haɗuwa da Binuwai, ko Demsa ko Song, ku kama hanya da rana, yara a kujerar baya, direban da ya sha kuma a karɓi makulli.

Zaman lissafi kafin sabuwar shekara

Tsakanin 27 da 31 ga wata, baƙi sun ragu, tukwane sun huta. Don gobe ake wanke tukunya. Maigida da uwargida ku samu awa ɗaya da biro da takarda. Wannan zaman ya shafi maƙwabta Musulmi ma, domin zafi da ambaliya da kuɗin makaranta ba sa tambayar addini. A Yola yanayi ne ke tsara shekara, sai ku bi shi daki-daki.

Janairu da Fabrairu: ku ɗauko katin rigakafin kowane yaro. Ana yin allurai lokacin haihuwa, da mako 6 da 10 da 14, da wata 9, sannan ta ƙyanda karo na biyu a wata 15, kyauta ne a asibitocin gwamnati. Idan an tsallake wata, ba a sake farawa daga farko, ci gaba ake yi. A 2024 ƙyanda ta ɓarke a yankin Mubi da Gombi, hukumomin jihar suka ce ta kashe mutum 42. Wanda ba shi da takardar haihuwa a nema masa a ofishin Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa. Yanzu ne kuma lokacin sayen masara da wake, kafin su yi tsada. A adana wake a buhu mai ruɓi uku wanda iska ba ta shiga, ya fi zuba masa maganin ƙwari.

Maris da Afrilu: zafi kan haura digiri 40. Lokacin sanƙarau ne da ƙarancin ruwa. Ku tanadi randa ko tanki, ku gyara tagogi don iska ta ratsa, ku rage cunkoso a ɗakin kwana. Zazzaɓi mai zafi da sandarewar wuya, ko kumburin maɗigar jariri, ba abin jira ba ne.

Mayu zuwa Oktoba: damina da sauro. Gidan sauro ya rigaya ruwan farko hawa gado. Mazauna kwari da bakin kogi su tuna 2012 da 2022, lokacin da Binuwai ya yi ambaliya bayan sakin ruwan madatsar Lagdo ta Kamaru, da kuma ruwan da ya mamaye Shagari da Yolde Pate a Yulin 2025. Tun yanzu ku yanke shawarar gidan da za a kai yara idan ruwa ya taso, ku haɗa takardun makaranta da na asibiti a leda ɗaya. Bayan ambaliya kwalara kan biyo, don haka a tafasa ruwan sha.

Satumba: sabuwar shekarar karatu, kuɗi mafi nauyi. Ku raba shi a kan watannin da ke gaba, ku shiga adashi da mutanen da kuka yarda da su. Ku kuma leƙa ofishin ASCHMA, hukumar inshorar lafiya ta jihar, ku tambayi tsarin da ya dace da iyalinku.

Kada a bar yara a baya. Ku saya wa kowanne asusun ƙasa ya zuba goron Kirsimetin da ya samo a yawo. Ku tambaye shi abu ɗaya da yake son koya a baɗi, ko ɗaura igiyar takalmi ne ko rubuta sunansa, ku rubuta a kalanda. Ku jingina shi da bango ku ja layi daidai kansa, ku sa kwanan wata. Baɗi war haka, da yardar Allah, shi zai ja hannunku ku je ku auna.

Barka da Kirsimeti, Allah Ya kai mu sabuwar shekara lafiya.