Na'urar tiyatar mata da hanyar Yamai

Kwanan nan wani bidiyo ya yi ta yawo a wayoyinmu nan Birnin Konni: likita zaune can gefe, ya cusa kai cikin wani akwati, hannuwan ƙarfe na cire mahaifar da sankara ta kama ta 'yan ƙananan huji. Sunan na'urar da Vinci. Amurka ta amince da ita a 2000, aikin mata kuma a 2005. A can, likitocin da ke ƙwarewa kan sankarar mata suna koyonta tun lokacin horo, malami da ɗalibi kowa da mazauninsa.

Mun kalla, mun ce ikon Allah. Sai muka tuna innarmu.

Shekara guda tana zubar jini bayan al'ada ta ɗauke mata, tana ɓoyewa don kunya, tana shan jiƙe-jiƙe. Da muka ankara, muka saida tumaki, muka kama hanyar Yamai, kilomita fiye da 400, ita kwance a jikin ɗiyarta. Likita ya duba ya ce sankarar bakin mahaifa ce, ta wuce tiyata, sai dai a ƙona ta da na'urar haske, wadda sai 2021 ƙasarmu ta samu. Ba ta ga damina ba, Allah jiƙanta.

To, ga abin da bidiyon bai faɗa ba. A 2018 wani babban bincike, LACC, ya nuna cewa a sankarar bakin mahaifa da aka gano da wuri, matan da aka buɗe wa ciki sun fi tsira kan waɗanda aka yi wa ta huji. Wato ga wannan ciwon, hannun ƙwararre da wuƙa ya fi. Ba mu raina na'ura ba, tana da ranarta a sankarar cikin mahaifa. Amma mu da wuta ma sai a hankali, ɗanmu da za a tura ƙwarewa ya dawo mana da hannun da zai yi aiki a Konni, ko Tawa, ko Galmi.

Gwajin farko kuwa ungozoma ke yi, da ruwan binegar, cikin 'yan mintoci. Mun zauna da matan gidanmu. Yayarmu ta yarda za ta je ranar Litinin. Matar kawu ta ce sai ta ji ta bakin mai gida.