Daga Ladipo zuwa Sabon Ibadan: yadda muka yi wa "sabuwar" motarmu gwajin asibiti

Wannan makon ba daga bayan kantar magani nake rubuto maka ba. So nake ka biyo ni wata 'yar tafiya da ta faro daga Agege, ta ratsa kasuwar Ladipo da ke Mushin, ta ƙare a unguwar Sabo ta Ibadan.

Wata biyu da suka wuce Allah ya hore mana mota. Jif ce, Toyota Highlander ƙirar 2010 mai layin kujeru uku, irin wadda a gida ake ce wa 'yar Kwatano, a nan Legas kuma tokumbo. Maigida ya daɗe yana tarin kuɗinta, burinsa bana mu je Kano yin Sallah a motar kanmu. Tun kafin a kammala takardu ya riga ya jera abin da zai ƙara mata: babban allo a gaba, sabbin lasifika, gilas mai duhu, da rim masu walƙiya. Ban ce uffan ba, domin motar tana sheƙi, kujerunta kamar ba a taɓa zama a kai ba.

Ranar farko da muka fita da yara, cunkoso ya tsare mu a Oshodi kusan awa guda. Babbar 'yata mai shekara bakwai, wadda ta zaɓi layin ƙarshe, ta ce kanta na ciwo, can kuma sai amai. Na ce aman mota ne, na share ta. Mako na zagayowa muka tafi suna Idi-Araba, abin ya maimaita. A wannan karon autana ya yi wani barci mai nauyi da ba lokacinsa ba, ni kaina kuma na sauka da ciwon kai. Mutum uku, alama iri ɗaya, wuri ɗaya, kuma duk muka warware bayan mun sha iska. Wanda ya karanci haɗa magunguna bai kamata ya jira karo na biyu kafin ya yi zargi ba, amma ga shi na jira.

Washegari na kai ta wurin bakanikenmu, wani dattijo Bayarabe da ya yi shekaru a Sabon Garin Kano, Hausa a bakinsa kamar jakin Kano. Ya hau da ita kan rami, ya shiga ƙarƙashi da tocila, bai yi minti biyar ba ya kira ni. "Alhaja, sauko ki gani da idonki." An yanke tukunyar tace hayaƙi daga jikin salansa, wadda makanikai ke kira indomi saboda cikinta ya yi kama da taliyar, an sayar da ita don ƙarafa masu tsada da ke cikinta, aka liƙa guntun bututu da walda ta jeka-na-yi-ka. Waldar ta tsage. Robar ƙofar but kuma ta bushe ta daddare, wato hayaƙin da ke fita a ƙasa yana da hanyar shiga daidai inda yarinyar ke zaune.

Ka san abin da ke cikin hayaƙin nan? Iskar kabon monoksaid, irin wadda ke kashe iyalan da suka kwana da janareta a cikin gida. Ba ta da launi, ba ta da wari. Tana kama jini da ƙarfin da ya ninka na iskar da muke shaƙa fiye da sau 200, sai ta hana jinin kai iska ga ƙwaƙwalwa da zuciya. Alamunta na farko su ne ciwon kai, jiri, tashin zuciya da barci, abin da kowace uwa za ta ce zazzaɓin cizon sauro ne ko gajiya. Yara sun fi saurin kamuwa. Ka ƙiyasta wannan a tafiyar yini guda cur zuwa Kano, gilas a rufe, direba ma yana shaƙa.

Daren nan muka zauna da maigida. Na ce masa majinyacin da ya zo ba kati ba fayil, ba a fara yi masa kwalliya, gwaji ake fara yi masa. Bai ji daɗi ba, amma ya miƙo kuɗin allon.

Idan ba ka taɓa shiga Ladipo ba, ka sauka a tashar da ake kira Toyota a kan titin Oshodi zuwa Apapa, ka bi hayaniya. Kafin ka taka ƙafa goma samari 'yan kamasho sun kewaye ka, kowa na rantsuwa shi ya san shagon da kayanka yake. Ƙasa baƙa ƙirin da tsohon bakin mai. Ga injuna jibge kamar buhunan hatsi a Dawanau, ga ƙofofin mota an jingina su sahu-sahu, ga rabin mota an yanko ta daga ƙasashen waje, fitilunta na kallonka. Yawancin masu shagunan Inyamurai ne, amma za ka ji Hausa a bakin 'yan dako da masu shayi. Gwamnatin Legas ta rufe kasuwar fiye da sau ɗaya saboda rashin tsafta, kuma idan aka yi ruwa za ka gane dalili. Na yi kuskuren sa takalmi mai kyau.

Shawarar farko: kada ka je kai kaɗai. Baba bakanike ne a gaba, ni a baya riƙe da takarda mai lambar shasi, haruffa da lambobi 17 da ke ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba. Da wannan lamba ake dacewa da kayan da suka yi daidai da motarka. Da ita kuma, idan motar daga Amurka ta fito, za ka iya shiga shafin hukumar NHTSA a intanet kyauta ka ga ko kamfani ya taɓa kiran irinta don gyara wani lahani da ba a yi ba.

A kasuwar na raba kaya gida biyu. Salansa, madubi, fitila, hannun ƙofa, waɗannan na hannu ba laifi, sau da yawa ma sun fi sababbi marasa asali ƙarko. Amma taya, takalmin birki, bel, filta da duk wani mai, sababbi kawai, daga dila da zai ba ka rasit.

A kan taya ne na ji kamar ina kantina. Kowace taya tana da ranar haihuwa a gefenta: ka nemi inda aka rubuta DOT, lambobi huɗu na ƙarshe su ne mako da shekara. Idan ka ga 3516, an yi ta a mako na 35 na shekarar 2016. Namu biyu na baya zanensu raɗau, amma sun haura shekara takwas. Hukumar Kiyaye Haɗura ta Ƙasa tana cewa taya ta gama aiki bayan shekara huɗu da yin ta, kamfanonin mota da na taya kuma suna ba da shekara shida zuwa goma. Ko wanne ka ɗauka, roba tana tsufa ko ba a taka ta ba, kamar yadda maganin da ba a buɗe ba yake lalacewa a cikin kwalinsa. Wani mai shago ya yi ta lallashina, "Hajiya, wannan giredi wan ce, daga Jamus." Na duba lambar, na ce masa ta girmi 'yata. Kada ka manta da safaya, ita ce aka fi mantawa. Iskar da za a sa kuma tana rubuce a jikin ginshiƙin ƙofar direba, ba a bakin mai faci ba.

Sauran aikin a gareji aka yi shi, kwana biyu. Agogon motar na nuna 140,000, maigida na murna, sai Baba ya tuna masa cewa mil ne ba kilomita ba, wato kusan kilomita 225,000, in ma ba a taɓa agogon ba. Tunda ba mu san abin da mai ita na farko ya yi ba, aka juye komai: bakin mai irin lambar da ke kan murfin injin, ba mai kaurin da aka saba ɗurawa kowace mota ba, sai man birki, wanda ke tsotsar danshi da daɗewa har birki ya yi laushi idan ya ɗau zafi, sai ruwan lagireto na asali mai launin hoda a madadin ruwan famfo da ke cin ƙarfe. Na roƙi Baba kada ya cire tamostat ya haɗa fanka kai tsaye kamar yadda ake yi wai don zafin ƙasarmu, ya yi dariya ya ce shi ma ya daina. Injin wannan ƙirar sarƙa yake amfani da ita, amma idan taka Highlander ce mai silinda shida ta 2001 zuwa 2007, bel ne a ciki, ka tambayi yaushe aka canza shi. Mun kuma ɗaga kafet mun shinshina, mun duba ƙarƙashin kujeru ko akwai tsatsa da busasshen laka, domin ana shigo da motocin da ambaliya ta cinye a can, kuma funfunar da ke cikinsu masifa ce ga mai asma. Tamu ta tsira. Filtar esi kuwa, da ke bayan akwatin gaban fasinja, da aka zaro ta kamar an share ɗakin kaji da ita.

Ƙarin da na yarda a kashe wa kuɗi shi ne kujerar yaro. Motocin Amurka tun daga 2002 suna zuwa da ƙugiyoyin ƙarfe a tsakanin mazauni da majingina na kujerar baya, an yi su ne don ɗaure ta. Ke uwargida da ke rungume jariri a gaba, hannunki ba zai riƙe shi ba idan aka yi karo, jakar iskar da ke gabanki kuma tana iya yi masa illa. Yaro ƙasa da shekara 12 wurinsa baya ne. Sai tukunyar kashe gobara, alamar tsayawa mai kusurwa uku, da akwatin taimakon farko: bandeji, auduga, filasta, safar hannu, almakashi. Magani kuwa ba ya kwana a mota. Yawancin kwalaye an rubuta a ajiye ƙasa da digiri 30, motar da aka rufe a rana kuma tana haura 50. Farasitamol na yara, gishirin ORS, abin shaƙa na asma da insulin, a jakarki za su shiga su kuma fita tare da ke. Direba kuma ya nisanci Piriton da maganin aman mota irin su Avomine kafin tafiya, barci suke sawa.

Ban yarda Kano ta zama gwajin farko ba. Wata Asabar bayan sallar asuba muka kama hanyar Ibadan, kilomita 120 da 'yan kai, don gaishe da gwaggon maigida. Muka wuce Berger, muka hau doguwar gada, shanun kasuwar Kara na ƙasa cikin hazo. Na zauna a tsakiya kusa da auta, ina juyawa ina duban babbar kamar mai gadin ɗakin haihuwa. Maigida ya tsaya a kan 100, iyakar gudun da doka ta ba ƙananan motoci a babban titi, ko da yake ƙafarsa na ƙaiƙayi. Bayan mahaɗar Sagamu muka tsaya a Ogere, inda tankoki da tireloli ke jere a gefen hanya. Ya leƙa ƙarƙashin mota, babu ɗigo. Allurar zafi na tsakiya. Yarinya ta ce yunwa take ji, ban taɓa jin daɗin wannan kalma kamar ranar ba.

Wajen ƙarfe tara muka gangara Mokola muka shiga Sabo. Tun 1916 aka ware wa Hausawa wannan unguwa, fataken goro da shanu ne suka kafa ta, kuma har yau da ka shigo sai ka ji kamar an ɗauko wani yanki na Fagge an dasa a ƙasar Yarabawa: 'yan canji a bakin titi, ƙamshin tsire, almajirai da allunansu, gaisuwa ta ko'ina. Gwaggo ta fito ta zagaya motar, ta tofa mata addu'a, ta ce Allah ya tsare, ya sa a kashe lafiya.

Muna cin waina maigida ya matso ya ce, "To Hajiya likita, yanzu dai an sallami majinyaci, a ba ni allona." Na tambaye shi ko bai ji wani ƙwas-ƙwas daga baya ta hagu ba lokacin da muka faɗa ramin nan na kusa da Mokola. Ya yi shiru, ya ce ya ji. Ranar Litinin za a duba shokozoba, Baba ya ce mu zo da wuri kafin garejin ya cika.